Iska da Tsuntsu: Wa Ya Fi Iya Dako?

Duk watan Agusta katangun Sabon Gari kan yi kore shar da gansakuka, bakin madatsar Kubanni da ke Samaru ma ya yi yauƙi. Ba wanda ya shuka su. 'Yan dako biyu ake zargi da kawo irinsu, iska da tsuntsu.

Wajen yawan kaya, iska ce gaba. Irin funfuna da na gansakuka ƙura ce wadda ido ba ya gani, guguwar farkon damina kan kwashe ta ta yi nisa. Masanan cututtukan shuka na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun san irin wannan ɓarna: tsatsar masarar da ta ɓulla a Saliyo a 1949 ta game Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Sai dai iska makauniya ce. Galibin abin da ta ɗauka kan kwano ko kwalta yake faɗawa, rana ta ƙone shi.

Tsuntsu kuwa kayansa kaɗan ne, kuma yakan yi asarar wasu in yana gyaran gashi, wasu su narke a cikinsa. Amma ya san inda zai sauke. Kirinjijiyar da ta tashi daga Kubanni ruwa take nema, ko fadamar Galma ko wani tafki, ga laka a ƙafa, ga iri a ciki. Kada a raina lakar nan, domin Darwin ya taɓa ɗibar cokali uku a bakin tafki, tsiro 537 suka fito. Vernon Proctor a Amurka ya nuna irin gansakukar ruwa na fitowa da ransa daga kashin agwagi. A 2021 kuma Marcos Caiafa da abokan aikinsa suka gano tsuntsayen Patagoniya na tono naman kazan da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa suna ci, inda iska ba ta isa. Manomin Samaru ma yana da tasa shaidar: kaucin da ke kan ɗorawa da kaɗanya, tsuntsu ne ya manna 'ya'yansa masu danƙo a reshe.

A ganina, in cutar gona ake magana, iska ta yi rinjaye. In kuwa irin mai nauyi ne, ko mai danƙo, ko wanda ba ya jure bushewa, sai tsuntsu. Shi ne kuma bincike ya daɗe yana yi wa rowa, don tarkon ƙurar iri kafa shi ake yi a gona a tafi, tsuntsu kuwa sai an kama shi an duba gashinsa da kashinsa.