Idan ƙaramar giyar kat-kat ta cije: abin dubawa kafin a kwance mota

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ko ta N'Gigmi a tsohuwar Land Cruiser ya san ɗan gajeren sandan nan da ke gefen babbar giya. Wata da watanni ba a taɓa shi. Sai ranar da mota ta nutse cikin rairayi, direba ya kai hannu, ya ja, ya ƙi motsi. Ko kuma an fito daga daji an hau kwalta, ya ƙi komawa. A nan ne wasu ke ɗauko guduma ko su zura bututun ƙarfe su danna da ƙarfi. To, a bar wannan. Abin da zai lanƙwashe yana can cikin akwati, kuma gyaransa sai an sauke shi gaba ɗaya.

Sandan yana juya wani akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba. A galibin tsofaffin motocin, irin su Land Cruiser 70 da ta fito a 1984 da Hilux na da, za ka ga an rubuta H2, H4, N da L4. Da zarar ka shiga H4 ko L4, farfelar gaba da ta baya sun zama tamkar ƙarfe guda, dole su juya daidai. Amma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A rairayi ba matsala, taya tana ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har haƙoran giya su matse juna. Wannan shi ne ya fi yawan hana sandan fita, kuma motar lafiyarta lau.

Maganinsa ba ya cin ko dala. Ka miƙe sitiyari, ka yi ribas a hankali 'yan mitoci, hannunka na kan sandan kana ɗan tura shi. Sau da yawa za ka ji ya saki da kansa. In ya ƙi, ka sauka gefen hanya inda akwai yashi ka sake gwadawa. In har yanzu shiru, a ja burkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu, a ɗaga taya ɗaya ta gaba da jak. A kula dai, tayar kan fizga ta juya lokacin da ta bar ƙasa, kada kowa ya sa hannu kusa.

Daga nan a dubi tayoyin. Mu nan an saba haɗa sabuwa da tsohuwa, ko ma masu lamba daban, saboda tsada. Taya da ta ɗara 'yar'uwarta girma, ko wadda iskarta ta ragu, tana jawo wannan murɗewar ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Shiga L4 kuma yana da ƙa'idarsa: mota a tsaye, a taka kuloci, mai otomatik kuma a sa ta a N. In haƙora ba su haɗu ba, a bar motar ta ɗan gusa kaɗan a sake. Kada a manta, in ƙaramin sandan ya tsaya a N, mota na iya gangarawa ko da babbar giya na ciki.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a shiga ƙarƙashi. Ƙura, laka da tsatsa suna taruwa a mahaɗin sandan, musamman bayan damina. A wanke, a fesa man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci, sannan giris. Bakanike zai iya cire mahaɗin ya motsa hannun akwatin kai tsaye. In ya motsa, matsalar a waje take, aiki ne mai sauƙi. A kuma duba robar da ke riƙe da giya, domin in ta fashe akwatin kan sauka har sandan ya tokari ƙarfen ƙasan mota.

Sai mai. A buɗe notin zuba mai da ke gefen akwatin, ya kamata man ya kai bakin ramin. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, wataƙila wajen ƙetare korama. In akwai ɓurɓushin ƙarfe, nan kam sai gareji.

Ni a ganina rabin wahalar nan rashin amfani ne. Motar da ke yawo cikin Yamai ko Maraɗi shekara guda ba a sa ta a H4 ba, ba abin mamaki ba ne ta ƙi ranar buƙata. Sau ɗaya a wata, a sami hanyar ƙasa, a juya makullan tayoyin gaba zuwa LOCK in motar na da su, a yi 'yan kilomita a H4, a tsaya a gwada L4, sannan a mayar da komai H2 da FREE kafin a hau kwalta.