Hutun Bayan Gudu a Teburin Mai Shayi

Gudun motsa jiki na ƙarshen mako a Haɗeja harkar sassafe ce, domin rana ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, shi ya sa masu sassarfa ke fita da zarar an idar da sallar asuba. Wasu kan bi gefen kwalta, wasu su gangara bakin kogi, inda iskar fadama ke da sanyi. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama, an nufi teburin mai shayi.

Jikin da ya yi gumi ruwa yake fara nema, kuma shi ya kamata a fara ba shi. Daga nan sai abin da zai mayar da ƙarfi: burodi da soyayyen ƙwai, ko ƙosai mai zafi. Kofi na zuwa a ƙarshe. Asalin itacensa ƙasar Habasha ne, ana kuma nomansa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, amma wanda ake sha a teburin mai shayi na gari ne, irin su Nescafé, wanda kamfanin Nestlé ya fito da shi a 1938. Mai shayi kan zuba garin a kofi, ya ƙara ruwan zafi da madara, ya yi ta jujjuya shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Abin da ke wartsake mai sha shi ne sinadarin kafeyin, wanda Bahaushe ya daɗe da sani a cikin goro. Yakan ɗauki sa'o'i bai bar jini ba, don haka shan safe ya fi na dare dacewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sukari. Cokali uku da madara mai kauri na iya mayar da kaso mai yawa na abin da aka ƙona a guje, kuma mai ciwon suga ya fi kowa cutuwa. Cewa "rage sukari" ba rowa ba ce.

Jarida kuwa tsohuwar abokiyar wannan zama ce. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, aka saba mutum ɗaya ya karanta, jama'a su saurara. Yau an fi duba Aminiya a waya, rediyo kuma na gefe yana kawo labaran BBC Hausa, sashen da aka buɗe a 1957. Da damina, labarin da aka fi kasa wa kunne a nan shi ne na ruwa: ko madatsun Tiga da Challawa sun cika, ko kogi zai sake cinye gonakin shinkafa kamar yadda ya yi a 2020.