Da Rarrafe Yaro Kan Tashi: Karatun Hisabi A Kwalejojin Gari Na Amurka

 Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake masu karanta wannan fili, yau zancenmu na wata ƙasa ce mai nisa, amma sababinsa a zaurena ya faru.

Kwanan baya wani Alhaji abokina ya same ni bayan la'asar, ransa a ɓace. Ƙanensa ya fi shekara 20 a birnin New York, a unguwar Bronx, inda Hausawan zangunan Gana da mutanen Nijar da na Nijeriya su ke zaune da iyalinsu. Ɗan ƙanen nan ya gama sakandare, kuma Allah ya ba shi kai na lissafi. Alhaji yana sauraron a ce ya shiga jami'a, sai ya ji wai wata ƙaramar kwaleji ya shiga ta shekara biyu. Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, yaron nan faɗuwa ya yi su ke ɓoye mini, ko kuwa ubansa ne ya yi masa rowa?" Har ya yi niyyar sayar da shagonsa ɗaya ya aika da kuɗin, ya haɗa da maganganu masu zafi. Na ce, "Alhaji, dakata mini mako guda." Na nemi waɗansu tsofaffin almajiraina da suka yi karatu can, muka zauna, aka karanta mini abin da ke rubuce. Ga abin da na samo.

Asalin Wannan Makaranta

A Amurka digiri na fari shekara huɗu ne. Shekara biyu na farko share fage ne, biyu na ƙarshe su ne na nutsawa cikin fanni. To, sai waɗansu shugabannin ilminsu suka ga babu dalilin da zai sa a tilasta wa kowa ya bar garinsu tun don share fage. A 1901 shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, da shugaban wata sakandare mai suna Stanley Brown suka buɗe aji a garin Joliet cikin jihar Illinois, da ɗalibai shida. Wannan ita ce mafi tsufa cikin irin waɗannan kwalejoji na hukuma, tana nan har yau. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawara a yawaita su ko'ina, tun daga nan sunan da ya bi su ma'anarsa kwalejin jama'ar gari. Yanzu sun kai wajen 1,000. A Bronx ma akwai wadda aka kafa a 1957.

Galibinsu ba su korar kowa a bakin ƙofa. Wanda ya gama sakandare ya shigo, ko yaro ne ko magidanci mai furfura, kuma akwai darasin dare domin masu sana'a. Kowane darasi ana auna shi da wani awo da su ke kira kiredit. In ɗalibi ya tara wajen 60 sai a ba shi ƙaramin digiri, sa'an nan ya ɗauki takardarsa ya tafi jami'a ya shiga aji na uku. Digirin da zai fita da shi a ƙarshe sunan jami'ar ne a kansa, daidai da na wanda ya fara can tun ran farko.

Fatake za su so jin kuɗi. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin gari ga ɗan yankin dala 4,050 ne a shekara, na jami'ar hukuma kuwa ga ɗan jiha dala 11,610. Ka ga ya kusa ninki uku, ban da ɗaki da abinci, waɗanda mai kwana gidan ubansa ya huta da su. Amma fa wannan farashi na mazaunin wurin ne. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa don karatu kuɗinsa ya fi haka nesa.

Tsanin Hisabi

Kada wani almajiri ya ce mene ne ruwanmu da lissafin Nasara. Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, wanda ya wallafa a Bagadaza wajen 820, kuma babban yanki na littafin mas'alolin gado da wasiyya ne. Mu ma nan muna da Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu a kan ƙa'idojin wafaƙi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk malamin da ya taɓa raba gado ya san zafin abin. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su kuwa sulusi biyu. Asalin mas'ala 6, miji 3, su 4, jimla 7, ta zarce asali, sai a yi auli a raba dukiya bakwai. Wanda bai ƙware a kasarai ba, watau rabi da sulusi da rubu'i, ina zai iya wannan?

To, haka tsanin ya ke a kwalejin gari, kowane mataki a kan na ƙasa ya ke zaune. Ana farawa da aljabara, watau fitar da abin da ba a sani ba daga abin da aka sani. Misali a ce jari an ƙara masa sulusinsa ya zama 40, nawa ne asalinsa? Amsa 30. Daga nan sai ilmin kusurwoyi, wanda da irinsa ne magabata suka riƙa fitar da alƙibla da lokutan salla. Sa'an nan sai kalkulas, wanda Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka tsara a ƙarni na 17, kowa daban. Shi hisabin abin da ke canzawa ne. Mota ta tashi daga Kano ta isa Zariya, kowa zai iya raba nisa da lokaci ya faɗi matsakaicin gudunta. Amma gudunta a daidai ƙiftawar idon da ta wuce wata gada, wannan sai kalkulas. A kan yi shi zango uku, a bi shi da darasi biyu masu zurfi, ɗaya na aljabara, ɗaya na mu'adalolin canji. Nan kwalejin gari ta kan tsaya.

Wanda ya san tsarin karatunmu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ba mu taɓa ɗora wa yaro Muhtasar bai wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ba, kuma babu wanda ya ce malamin da ya biya masa Ahalari a ƙauye ya rage masa daraja. Kwalejin gari ma tana da wata falala: ajinta galibi ƙarami ne, malami ya san sunan ɗalibi, alhali a manyan jami'o'i a kan tara ɗaruruwa a zaure ɗaya don kalkulas na farko.

Waɗanda Suka Bi Ta Nan

Akwai wata mace, Eileen Collins, 'yar talakawa daga garin Elmira a jihar New York. Ta karanta lissafi da kimiyya a kwalejin gari ta Corning ta gama a 1976, ta wuce Jami'ar Syracuse ta sami digirin lissafi da tattalin arziki a 1978. A 1995 ta zama mace ta farko da ta tuƙa kumbon Amurka mai zuwa sama ya dawo, a 1999 kuma mace ta farko da ta shugabanci tafiyarsa.

Akwai kuma Jaime Escalante, malamin lissafi ne a ƙasarsu Bolibiya. Da ya ƙaura Amurka aka ƙi karɓar takardunsa. Bai yi girman kai ba, ya kama aikin ƙarfi a gidan abinci, da dare yana zuwa kwalejin gari ta Pasadena, har ya wuce jami'ar jiha a Los Angeles ya sake digiri. A 1974 ya fara koyarwa a sakandaren Garfield, ta 'ya'yan matalauta. A 1982 ɗalibansa 18 suka ci babbar jarrabawar kalkulas, har hukumar jarrabawa ta yi zargin maguɗi, aka sake wa waɗansunsu, suka sake ci.

Inda Haɗarin Ya Ke

Amma kada in yaudare ku da mutum biyu. Waɗanda suka isa kaɗan ne a kan waɗanda suka tashi. Wajen 80 cikin 100 na masu shiga kwalejin gari su kan ce digirin jami'a su ke nufi. Masu bincike na Jami'ar Columbia sun bi sawun waɗanda suka shiga a 2007, suka ba da rahoto a 2016: 33 cikin 100 ne suka ƙaura zuwa jami'a, 14 ne kaɗai suka sami digiri cikin shekara shida. Ramuka uku ne su ke cinye mutane.

Na farko, tsawon tsani. Da can a kan yi wa mai shigowa jarrabawar gwaji, in bai yi kyau ba a mai da shi baya zango biyu ko uku na maimaita lissafin sakandare, yana biyan kuɗi ba a lissafa masa kome a digiri. Ga aiki, ga iyali, da yawa su kan gaji su bari. Don haka a 2017 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa a duba sakamakon sakandaren ɗalibi, a sa shi a darasin da jami'a ke karɓa, a taimake shi a gefe. Malamansu sun yi saɓani a kan wannan, kuma ni ina ganin kowane ɓangare da gaskiyarsa. Tsare almajiri a babbaƙu shekara da shekaru kashe zuciya ne, tura shi gaba bai iya farfaru ba kuwa cuta ce.

Na biyu, kuma shi ne mafi muni, asarar karatu a wajen ƙaura. Mun san almajirin da ya je wurin sabon malami, aka ce ba a yarda da biyawar da aka yi masa ba, ya koma farkon littafi. Ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka ya ba da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Masu tashi daga kwalejin gari ta hukuma zuwa jami'ar hukuma asararsu ta fi sauƙi, kimanin kashi 22, amma ko wannan ya kusa zango guda cur. A lissafi tarkon a ɓoye ya ke, domin akwai kalkulas na masu karatun kasuwanci, akwai na masu kimiyya da injiniya. Suna ɗaya, nauyi daban, wanda ya ɗauki na farko sashen lissafi ba zai karɓa masa ba. Maganin abin yarjejeniya ce rubutacciya tsakanin kwaleji da jami'a. Kalifoniya ta tsara wannan: tun 1960 ta raba aiki tsakanin kwalejoji da jami'o'inta, a 2010 kuma ta yi dokar da ta lamunce wa mai ƙaramin digirin ƙaura gurbi a ɗaya daga jami'o'in jiha. Kowace jiha da nata tsari, wajibi ne ɗalibi ya san na jiharsa.

Na uku, canjin irin karatun. A kwaleji ana tambayarka amsa nawa ce. A aji uku na jami'a ana tambayarka hujja: tabbatar mana da burhani cewa wannan ƙa'ida gaskiya ce a kowane hali. Kamar wanda ya saba da furu'a ne aka kai shi zauren usulu. Sau da yawa makin mai ƙaura ya kan faɗi a zangon farko kafin ya miƙe. Wanda ya sani tun da wuri sai ya nemi darasin koyon hujja kafin ya tashi.

Abin Da Na Gaya Wa Alhaji

Da mako ya cika na ce masa, "Alhaji, ƙanenka bai yi rowa ba, lissafi ya yi. Bar shagonka. In kana da abin taimako, ajiye shi sai shekara biyu na ƙarshe, can ne kuɗi ke da nauyi. Amma kira yaron ka yi masa tambaya uku. Wace jami'a ya nufa, da sunanta? Ya ga takarda a rubuce cewa za ta karɓi kowane darasin da ya ke ɗauka? Kalkulas ɗin da ya shiga na masu kimiyya ne? In ya amsa ukun nan ba inda-inda, sa masa albarka. In ya yi shiru, ka ce ya je ofishin mai ba ɗalibai shawara gobe da safe, kada ya jira shekara ta biyu, domin matambayi ba ya ɓata."

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Ashe saura kaɗan in ɓata zumunci a kan abin da ban sani ba." Ya buga waya a gabana. Yaron ya amsa biyu, ta tsakiya ce bai bincika ba tukuna, ya yi alkawari zai je ran Litinin.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani a duk inda su ke, ya tsare musu addininsu, ya sa mu gama lafiya, amin.