Ƙirƙirarriyar Basira a Harkar Waƙa da Talla: Abin da Ya Kamata Mai Waya Ya Sani

Da yawa daga cikin waƙoƙin da mutane ke cin karo da su a wayar hannu, manhaja ce ke zaɓo su ta ajiye a gabansu. Spotify da YouTube da TikTok da Boomplay da Audiomack duk suna da tsarin lissafi na kwamfuta, wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira ko AI, da ke nazarin ɗabi'ar mai sauraro domin hasashen abin da zai so ya ji a gaba. Wannan tsari ya sauƙaƙa gano sababbin mawaƙa, ya kuma buɗe wa kamfanoni hanyar tallata hajarsu ta cikin kiɗa. Sai dai a bayan waƙar da ta yi tashe akwai lissafi, sau da yawa akwai kuɗi, wani lokaci kuma har da ha'inci. Sanin yadda abin ke gudana ya zama dole ga mai sauraro da mawaƙi da ɗan kasuwa.

Yadda manhaja ke zaɓar waƙa

Hanyoyi uku ne manhajojin kiɗa suka fi dogara da su. Ta farko ita ce kwatanta masu sauraro da juna. Idan dubban mutane da ke son waƙoƙi goma iri ɗaya suka koma sauraron wata ta goma sha ɗaya, za a miƙa ta ga duk wanda ke son goman nan amma bai taɓa jin ta ba. Ta biyu ita ce nazarin sautin kansa, inda kwamfuta ke auna saurin kiɗa da ƙarfinsa da irin kayan kiɗan da ke ciki, ta haɗa waƙar da masu kama da ita ko da kuwa ba wanda ya san mawaƙin. Ta uku ita ce bibiyar kalmomi, wato abin da ake rubutawa game da waƙar da sunayen jerin waƙoƙin da mutane ke saka ta a ciki.

Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya sayi The Echo Nest, wani kamfanin nazarin kiɗa na Amurka, a shekarar 2014. A watan Yulin 2015 ya fito da Discover Weekly, jerin waƙoƙi 30 da ke sabuntawa kowace Litinin, kuma kowane mai asusu da irin nasa. Duk motsin da mutum ya yi a cikin manhajar shaida ce a wurinta: waƙar da ya tsallake, wadda ya maimaita, wadda ya adana, da lokacin da ya saba sauraro. Ana ƙirga waƙa a matsayin wadda aka saurara ne idan ta kai daƙiƙa 30 tana tafiya, shi ya sa mawaƙa da yawa suka rage dogon share fage, suna kawo amshi tun daga farko.

TikTok ya ɗauki wani salo. Shafinsa na farko yana nuna wa mutum bidiyon waɗanda bai ma bi ba, yana kuma ba da muhimmanci ga tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo. Bidiyon da ya riƙe 'yan mutanen da aka fara nuna wa, sai a ƙara faɗaɗa shi zuwa wasu. Da yake kowa na iya ɗaukar sautin bidiyon wani ya yi nasa da shi, gutsuren waƙa na daƙiƙa 15 kan iya zagaye duniya cikin 'yan kwanaki.

Waƙoƙin da kafafen sada zumunta suka ɗaga

Waƙar "Old Town Road" ta Lil Nas X ta fara tashe ne a TikTok a farkon 2019, daga nan ta yi makonni 19 a matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin. "Love Nwantiti" ta mawaƙin Najeriya CKay ta fito a 2019, amma sai a 2021, bayan 'yan TikTok sun ɗauke ta, ta shiga jadawalin waƙoƙi a ƙasashen Turai da Amurka. A ƙasar Hausa ma an ga irin haka a 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da bidiyon matan aure suna yi wa mazajensu rawa da "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker suka cika kafafen sada zumunta. Aikin da a da masu tura waƙa a katin waya da gidajen rediyo ke yi, yanzu manhaja ta karɓi kaso mai yawa daga cikinsa.

Yadda talla ke shiga ciki

A watan Satumban 2020 wani ba'amurke mai suna Nathan Apodaca ya ɗora bidiyonsa yana tafiya a kan allon taya, yana shan lemon kamfanin Ocean Spray, yana bin waƙar "Dreams" ta ƙungiyar Fleetwood Mac wadda ta fito tun 1977. Waƙar ta koma jadawalin Billboard Hot 100 bayan shekaru 43, lemon ya samu tallan da kamfanin bai biya ko sisi ba, daga baya kamfanin ya ba shi kyautar mota. Wannan ya faru ne ba tare da shiri ba, amma kamfanoni sun daɗe da gane cewa ana iya shirya irinsa. Tun a 2019 kamfanin kayan kwalliya na e.l.f. ya sa aka yi masa waƙa ta musamman mai suna "Eyes. Lips. Face." domin gasar bidiyo a TikTok, mutane suka yi ta ɗaukar kansu da ita suna tallata kamfanin a kyauta.

A yau kamfanonin waƙa da masu haja suna biyan masu yawan mabiya domin su sa wata waƙa a bidiyonsu, ko su ƙirƙiro rawar da za a kwaikwaya. Ana amfani da AI wajen tantance wane mai mabiya ne ya dace da wace haja, da wane ɓangaren waƙa ne zai fi kama kunne, da kuma wa za a nuna wa tallan. Su kansu manhajojin suna sayar da hanyar kaiwa ga kunnen jama'a. A 2020 Spotify ya fito da Discovery Mode, inda mawaƙi ko kamfaninsa ke amincewa a cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin da waƙa ta samu a wasu sassan manhajar, a madadin a ƙara tura ta ga masu sauraro. Masu suka sun kwatanta wannan da tsohuwar al'adar ba masu gabatar da shiri a rediyo na goro a ɓoye domin su sa waƙa, wadda ta jawo bincike a majalisar dokokin Amurka har aka gyara doka a 1960 domin tilasta bayyana irin wannan biya.

Wanda ke sauraro a tsarin kyauta kuwa, ya tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Shekarunsa da garin da yake da irin wayarsa da jerin waƙoƙin da yake kunnawa lokacin motsa jiki ko tuƙi ko hutawa, duk bayanai ne da ake amfani da su wajen zaɓar tallan da zai gani.

Haɗuran da ke tattare da tsarin

Na farko shi ne sauraron bogi. Manhajoji irin su Spotify suna tara kuɗin da suka samu wuri ɗaya ne, su raba gwargwadon kason da kowace waƙa ta samu daga jimillar sauraro. Don haka duk wanda ya ƙara wa kansa lamba ta hanyar asusun ƙarya, daga rabon sauran mawaƙa ya ɗiba. A watan Satumban 2024 masu gabatar da ƙara na gwamnatin Amurka suka tuhumi wani mawaƙi daga jihar North Carolina mai suna Michael Smith da ƙirƙirar dubban ɗaruruwan waƙoƙi da AI, sannan ya sa dubban asusun bogi suna kunna su ba dare ba rana, inda aka zarge shi da karɓar sama da dala miliyan 10.

Na biyu shi ne ambaliyar waƙoƙin da kwamfuta ta haɗa daga farko har ƙarshe. Manhajoji irin su Suno da Udio suna iya fitar da cikakkiyar waƙa, murya da kiɗa, daga umarnin da aka rubuta musu cikin 'yan kalmomi. Manyan kamfanonin waƙa na Amurka sun maka su biyun a kotu a watan Yunin 2024 bisa zargin horar da manhajojinsu da waƙoƙin mutane ba da izini ba. Kamfanin Deezer na Faransa ya ce a watan Janairun 2025 ana ɗora masa irin waɗannan waƙoƙi kusan 10,000 a kowace rana, zuwa Nuwamba adadin ya kai kusan 50,000. A tsakiyar shekarar ne wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu sauraro sama da miliyan 1 a wata a Spotify, kafin a bayyana cewa waƙoƙinta da hotunan mambobinta duk aikin AI ne. A watan Satumban 2025 Spotify ya ce ya goge waƙoƙin shara sama da miliyan 75 cikin watanni 12.

Na uku shi ne satar murya. A watan Afrilun 2023 waƙar "Heart on My Sleeve" ta bazu da muryoyin da ke kama da na Drake da The Weeknd, alhali babu ɗayansu da ya rera ta. An sauke ta bayan kamfanin Universal Music Group ya yi ƙorafi. Fasahar da ta yi wannan ita ce kuma ake amfani da ita wajen sa shahararren mutum ya bayyana yana tallata magani ko harkar zuba jari da bai san da ita ba. Jihar Tennessee ta Amurka ta kafa doka mai suna ELVIS Act a 2024 domin kare muryar mutum daga irin wannan kwaikwayo.

Na huɗu shi ne tallan da aka ɓoye, inda mai mabiya ke yabon kaya kamar ra'ayinsa ne alhali an biya shi. A watan Oktoban 2022 Kim Kardashian ta amince ta biya hukumar kula da hannayen jari ta Amurka dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba tare da bayyana cewa an ba ta dala 250,000 ba.

Na biyar kuma shi ne ƙuntatar zaɓi. Manhaja tana kawo wa mutum abin da ya yi kama da wanda ya riga ya ji, don haka wanda ya dogara da ita kaɗai kan iya daɗewa yana zagaye a salo ɗaya.

Abin da ya shafi mawaƙa da 'yan kasuwa

Spotify ya fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2021, ya kuma ce a 2024 mawaƙan ƙasar sun samu sama da naira biliyan 58 daga gare shi. Wannan ya sa masu tallar "sauraro 10,000 a farashi kaza" ko "gurbi a babban jerin waƙoƙi" suka yawaita. Mafi yawan irin wannan tayi da asusun bogi ake cika shi, kuma idan manhaja ta gano, tana iya riƙe kuɗin waƙar ko ta sauke ta, ta kuma ci tarar kamfanin da ya ɗora ta. Tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin watanni 12 ba, ba ta samun kaso daga kuɗin da Spotify ke rabawa, abin da ke ƙara tura ƙananan mawaƙa hannun 'yan damfara.

Ɗan kasuwa kuma ya sani cewa waƙar da manhaja ta bar wa jama'a su yi nishaɗi da ita, ba ta halatta a yi talla da ita ba. TikTok yana da rumbun kiɗa na daban da aka tanada domin asusun kasuwanci. A 2022 wata kotun Amurka ta samu kamfanin lemon ƙara kuzari na Bang Energy da laifin keta haƙƙin mallaka saboda bidiyon talla da ya ɗora a TikTok da waƙoƙin da bai nemi izininsu ba. Wannan ƙa'ida ta shafi mai sayar da atamfa ko turare ko abinci da ke ɗora sabuwar waƙa a kan bidiyon hajarsa.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Dokar da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a 2022 ta haɗa da tallan intanet, kuma hukumar ta buƙaci a tantance talla kafin a fitar da shi, har da wanda masu mabiya ke yi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai waƙa damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023 kuma ta ba kowa ikon sanin bayanan da aka tara a kansa da kuma ƙin amincewa a yi amfani da su wajen aiko masa da talla kai tsaye.

Matakan kariya

Mai sauraro ya riƙa duba saitin manhajarsa, ya kashe tallan da ke bin diddiginsa, ya hana manhajar kiɗa shiga lambobin wayarsa da wurin da yake idan babu buƙata. Idan ya ji sabuwar waƙa ko sanarwa da muryar wani sananne, ya duba tabbataccen shafin mutumin kafin ya tura wa wasu, musamman idan ana neman kuɗi ko ana tallar magani. Yawan mabiya ko yawan kallo ba hujja ba ce ta ingancin kaya. Iyaye su lura da gasar rawa da 'ya'yansu ke shiga, domin wasu daga ciki talla ne da aka shirya.

Mawaƙi ya guji sayen sauraro, ya yi rajistar ayyukansa, ya karanta duk yarjejeniya da kyau kafin ya sa hannu, musamman sharaɗin da ya shafi amfani da muryarsa wajen horar da AI. Ɗan kasuwa ya nemi izinin mai waƙa a rubuce ko ya yi amfani da kiɗan da aka tanada don talla. Wanda aka biya ya tallata waƙa ko kaya kuma ya faɗa wa mabiyansa ƙarara cewa talla ne, domin ɓoye hakan yaudara ce ga mutanen da suka amince da shi.