Kaska da Tsando, Kowa da Lokacinsa

Yau zancenmu na shanu ne, gama lafiyar saniya lafiyar gida ce. In ta rame, nono ya janye, yara su ke fara ji a jikinsu.

Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta masu zama cikin jinin shanu, ba a ganinsu sai da madubin likita. Kaska da tsando su ke ɗaukarsu daga wannan saniya zuwa waccan, kowa kuwa da lokacinsa.

Da ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi, sai kaska ta yawaita. Bayan cizonta da kamar mako 2 ko 3 saniya ta kan yi zazzaɓi, ta ƙi kiwo, fitsarinta ya yi ja, domin ƙwayoyin suna farfasa jininta. Saboda haka tun daga watan Mayu har Oktoba ku riƙa duba hantsa, da ƙarƙashin wutsiya, da cikin kunne kowane mako. Kaskar da kuka cire ku jefa ta wuta. Kada ku murtsuke ta da yatsa, tana iya sa wa mutum cuta.

Shi tsando inuwa da laima ya ke so. Da damina ya kan bazu cikin daji. Da rani sai ya tattaru a kurmi bakin rafi, daidai wurin da a ke shayar da shanu. Shi ke kawo sammore, watau saniya ta yi ta ramewa ko tana ci, gashinta ya tashi, idonta na hawaye. Garken da ya yi cin rani a kudu ya kan komo da ita, yunwar bazara kuma ta ƙarasa raunana. Ku nemi mashaya a fili, nesa da duhuwa. Ku ma makiyaya wannan ya shafe ku, don cizon tsando ke kawo wa mutum ciwon barci.

In kun ga alamun nan, ku kira malamin dabbobi ya ɗebi jini ya duba. Shi zai auna allura gwargwadon nauyin dabba. Rabin allura ba ya kashe ƙwayoyin, sai ya sa su saba da magani. Ku kuma tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a sha nononta.

Rigakafi ya fi magani.