Kumburin Ƙafa a Ƙasar Anka: Kafin a Jiƙa Sassaƙe

A kasuwannin Anka, Gummi da Bukkuyum, maganin kumburin ƙafa ba ya kwantai. 'Yar mai ganye tana da ƙullinta, mai lasifika yana da kwalabensa, kowa kuma da sunan da ya raɗa wa ciwon: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce daji, wani ya ce sammu aka taka. Ba na cikin masu yi wa maganin gargajiya kuɗin goro. Zoɓo, alal misali, masana sun gwada shi sun ga yana ɗan sauke hawan jini. Sai dai ƙafar da aka danna da yatsa rami ya zauna, galibi saƙo take isarwa daga zuciya, ko ƙoda, ko hanta, kuma jiƙo ba ya tambayar wace ce daga cikinsu ta gaza.

Mu ɗauki mai jego. Tun a shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan matan ƙasar Zazzau da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suna zuwa da kumburi da haki. Sun danganta abin da kunun kanwa da wankan jego na kwana arba'in. Kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Bincike na baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma wannan kaɗai ya isa abin lura: mace ta kumbura, sai a ƙara mata jar kanwa a jiƙo da sunan za ta wanke ciki, alhali ita ce ke ƙara tara ruwan.

Mu nan muna da ƙarin dalili da Zazzagawa ba su da shi. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ta cikin gida gubar ta shigo: ana daka dutsen zinariya a turmi, ana niƙa shi a injin hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani, hankali ya karkata ga ƙanana, kuma daidai ne. Amma dalma tana kwanciya a ƙashin babba shekara da shekaru, tana cin ƙoda a hankali, tana ta da hawan jini. Magidancin da ya yi aikin haƙa a wancan lokaci, yau ƙafarsa ta kumbura, ƙodarsa ya kamata a fara tuhuma. Saiwar da aka shanya a ƙasa a irin waɗannan garuruwa, aka daka a turmin da ba a san tarihinsa ba, tana iya kai masa ƙarin abin da ya kwantar da shi.

Ƙafa guda da ta kumbura farat ɗaya da zafi kuwa, kada a murza ta. Gudan jini ne mai yiwuwa, in ya ɓalle huhu zai nufa. Mai ciki da ta kumbura har fuska tana ciwon kai, jijjiga ake gudu, a ranar ake kai ta asibiti.

Na san hanya ba lafiya, mutumin Bagega ba ya fitowa Anka don abin da yake gani ƙarami. Shi ya sa nake ganin Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta jawo masu magani da ungozomomi a jiki, tun da su ake fara samu. A koya musu kumburin da ba nasu ba ne, su tura shi Babban Asibitin Anka, inda awon jini da gwajin fitsari na 'yan mintuna za su nuna ko ƙodar ta fara yoyo.