Tafki da Kududdufi: Tsirran Ci da Sunayensu a Ƙasar Guci

Guci ƙaramar hukuma ce a gundumar Dungas, wadda aka cire daga gundumar Magarya a shekarar 2011, cikin jihar Damagaram. A wannan yanki na kusa da iyakar Najeriya ruwan ƙasa ba shi da nisa a cikin kwaruruka, shi ya sa noman rani ya kafu, musamman tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa shi.

Hausa ta bambanta wuraren da ruwa ke kwanciya. Tafki shi ne wanda ruwan sama ya tara a kwari. Kududdufi kuwa rami ne da mutane suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika shi, saboda haka ya fi kusa da bayan gida. Filin da ake nomawa a gefensu shi ne garka, wadda Kanawa ke kira lambu.

Kowane tsiro yana da mazauninsa. A tsakiyar ruwa bado yake, saiwarsa a laka, ganyensa a shimfiɗe a sama. Ana cin ƴaƴansa da saiwarsa, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun yunwa. A bakin ruwa, inda laka ba ta bushewa, ake sa gwaza, wadda sai an dafa ta sosai, in ba haka ba ta yi ƙaiƙayi a maƙogwaro. Can inda ruwa ya janye ya bar danshi ake sa rake da rogo da dankali.

Aikatau ma suna nuna wannan tsari. Ana shuka iri, ana dasa reshe ko ɗan tsiro, amma abin da ya fito da kansa sai a ce ya tsiro. Daga nan karin maganar nan ta "kainuwa dashen Allah" ta samo ma'anarta: kainuwa tana yawo a kan ruwa, saiwarta ba ta kama ƙasa ba, kuma ba hannun da ya dasa ta.

J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a 1916, G. P. Bargery kuma ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Sai dai ƙamus yana adana suna da ɗan bayani ne kawai; sanin lokacin tonon bado da yadda ake sarrafa shi yana bakin masu aikin. Idan yashi ya cike tafki, ko kacalla ta mamaye shi, aikin yakan tsaya, kalmominsa kuma su daina shiga kunnen yara. Don haka ɗalibin da ke neman batun bincike zai samu aiki a garkokin Guci: ya naɗi kowace kalma tare da bayanin mai amfani da ita, tun dattawan da suka ci bado suna raye.